HANNUNA YA SAN HANYA

Shafi na 19

Salamu alaikum mutanen wannan zaure. Na ji ƙorafinku. Wai tsoho ya yi shiru, ko labarin ne ya ƙare masa. Ni labari zai ƙare wa? Ni da yunwar saba'in da uku ta tarar a tashar Jibiya ta wuce ta bar ni a tsaye, ni da mota ta juye da ni na fito ina kaɗe riga? Ƙafa ce ta kumbura, bakin lafiyarsa lau. Wata kuma ta tambaya wai a wace makaranta na yi karatu. 'Yata, ban taɓa zama a kan bencin boko ba. Faɗa nake ana bugawa, kuma masu digirin ne ke kwana suna jira na.

Ga wanda yau ya shigo. A zamaninmu a Nijeriya hannun hagu ake tuƙi, a Nijar hannun dama. Direban Jibiya in ya dawo daga Maraɗi, da an ɗaga masa ƙarfen kan iyaka a Magama sai ya karkata hagu, ko tunani ba ya yi. Rana ɗaya gwamnati ta ce kowa ya koma dama. Kai ya ji, hannu bai ji ba. Haka Maharazu ya dawo wata rana a gajiye, aka ɗaga ƙarfe, hannunsa ya kai gingimari hagu, ya yi gaba da gaba da motar hatsi. Shi ya fita da ransa. Lawwali, ƙanin matarsa da ke zaune a gefensa, bai fita ba. Shekara uku ke nan bai riƙe sitiyari a kan titi ba. Mu je.

*

Rana ta ɗan ɗago. Maharazu na tsaye a bayan ɗaki, gaban madubin da ya rataye a jikin katanga. Madubin gefen tsohuwar motarsa ne, shi kaɗai ne bai fashe ba a ranar.

Ya gyara tsayuwa yadda abokinsa Kalilu ya koya masa. Ƙirji gaba, ido cikin ido.

"Ni ne Maharazu. Hannuna ya san hanya. Ba na jin tsoro."

Ya ja numfashi ya sake.

"Ni ne Maharazu. Hannuna ya san hanya. Ba na..."

"Direba, koko na hucewa."

Hajjo ce, matarsa, tsaye da kwano a hannu. Ba fushi a fuskarta. Gajiya ce kawai.

"Ya amsa?" ta ce.

"Wa?"

"Abokin hirar taka."

"Hajjo, yau ba ranar ba'a ba ce."

"Ba ba'a nake ba. Tun farkon damina kake yi masa magana, ban taɓa jin ya musa maka ba. Shi ya sa kake son shi. Ungo."

Ta cika kwanon har baki, da gangan. Ya karɓa da hannu biyu. Kafin ya kai bakinsa kokon ya zubo ta gefe, ya bi yatsunsa, ya ɗiga a kan babban yatsan ƙafarsa.

Su duka suka dubi ɗigon.

"Madubin ya yi mini amfani," ya ce daga baya, a hankali. "Ke shaida ce. Da ko ƙarar inji na ji sai in bar wurin. Ran kasuwar da ta wuce na hau mota na tayar da ita, na zaga tasha."

"Tasha ba Magama ba ce."

"Ina barci yanzu."

"Wannan gaskiya ne. Kana barci."

"To?"

"To ni ba na yi."

Ta zauna a kan turmi ta ɗora hannuwa a cinya.

Ku bari in tuna muku abin da ke gabansa. Shekarar kuɗin Udoji ce, da gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Kowa a Jibiya ya yi sabon babur, masinja ma rediyo yake ratayawa a kafaɗa. Direbobi sun yi tsada, duk sun gudu Ikko jigilar siminti. Shi kuwa Maharazu, da a da in ya danna oda daga Gangara ake cewa ga shi nan, ya koma ɗan kamasho yana kiran fasinja, yaran da ya koya wa tuƙi suna miƙo masa na goro ta taga. Sai ga direban Hajiya Safiyatu mai motoci ya ajiye mata gingimari cike da wake a tsallaken Nijar ya bi 'yan'uwansa. Ta ce in Maharazu ya shigo mata da ita yau, makulli nasa ne. In ya kasa, ta ba wani matashin direba, Lado. Kuma duk tasha an san babu wanda zai sake gwada shi bayan wannan.

"Direba," Hajjo ta ce, "in tambaye ka?"

"Ina ji."

"Ranar da kuka tahi da Lawwali, tsoro kake ji?"

Ya kai kwanon bakinsa.

"Waƙa kake yi. Har kuka fita zaure ina jin ka. Ranar babu tsoro a jikinka ko kaɗan. Kuma hannunka ya san hanya. Ai saninta ne ya yi yawa."

"Hajjo."

"Ni da za a bi tawa, ka tahi da rawar hannunka. Na fi yarda da ita."

"Da rawar hannu ake riƙe gingimari? So kike in mutu ina kiran Katsina mutum ɗaya, Katsina mutum ɗaya?"

"So nake ka dawo. Kuma kar ka dawo da gawar ɗan wani."

Ya ajiye kwanon a ƙasa, ya ɗauki hularsa.

"Na aika Daddara," ta ce a bayansa.

Ya tsaya cak.

"Wajen wa?"

"Wajen Baba. Yana Magama yana jiran ka."

"Kin tona mini asiri wajen surukina."

"Wane asiri? Maƙwabta na jin ka ta katanga. Jiya a lungu da shi yara ke wasa, wannan ya turo ƙirji ya ce ni ne Maharazu, sauran su faɗi da dariya. Gara ya ji daga bakina."

Ya daɗe yana kallon madubin. Mutumin da ke ciki ya tsufa fiye da shekarunsa. Ya sa kai ya fita, ko sai na dawo bai ce ba.

*

Magama ta cika. Motoci sun yi layi, 'yan kwastan na zaune a rumfarsu, masu fura na zagayawa. Can bayan ƙarfen, a ɓangaren Nijar, ga gingimarin Hajiya an lulluɓe ta da tamfol.

Kalilu ne ya fara tarar sa. Tsohon soja ne, ya je yaƙi ya dawo, yanzu facin taya yake yi a bakin hanya. Wani likitan soja ne ya koya masa maganar madubi lokacin da yake kwance a asibiti, shi kuma ya koya wa Maharazu.

"Direba! Ka yi na safe?"

"Na yi."

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi, Soja."

"Shi ke nan, an gama. Mota ta shigo."

Hajiya Safiyatu ta sauke gilashin sabuwar Fijo ɗinta. A kujerar baya ga Lado a zaune, saurayi mai gashin baki, yana wasa da tsinken sakace.

Maharazu ya rusuna. "Barka da hantsi, Hajiya."

"Barka kadai. Maharazu, ka san ni ba na ɓoye magana. An gama da duwan na Nijar, an gama da kwastan namu. Daga ƙarfen can zuwa ƙofar sitona a Jibiya, ba tsayawa. Ina biye da kai. In na ga ka taka birki ka tsaya a hanya, ba sai mun yi magana ba, ka sauko Lado ya hau. Ba ƙiyayya ba ce. Waken mutane ne."

"Na ji, Hajiya."

Ta miƙo makulli. Ya sa shi a aljihu da sauri don kar a ji yana kaɗawa.

"Surukinka na can," Kalilu ya raɗa masa. "Tun da sassafe."

Ƙarƙashin itacen bedi, wato dogon yaro, Malam Ya'u ke zaune a kan buzunsa, kekensa a jingine. Dattijo ne siriri, limamin unguwarsu a Daddara, uban Hajjo, uban Lawwali. Ni na san shi. Ranar jana'izar ɗansa ko hawaye bai yi ba. Da aka kawo maganar diyya ya ɗaga hannu a gaban jama'a ya ce ya yafe, har aka riƙa ba da misali da shi a wa'azi.

Maharazu ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa, ido a ƙasa.

"Barka da hutawa, Baba."

"Barka, Maharazu. Ya iyali?"

"Lafiya lau."

"Madalla. Aka ce ka samu sabon wuridi."

"Ba wuridi ba ne, Baba."

"To mi ne ne? Karanta mini in ji."

Kalilu ya matso ya tsuguna.

"Allah gafarta Malam, ni na koya masa. Ba wani abu ba ne. Cewa yake: ni ne wane, hannuna ya san hanya, ba na jin tsoro."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ina Allah a ciki?"

"Haba Malam, ai kowa ya san Allah na nan."

"Ban ji an ambace Shi ba. Na ji ni, na ji hannuna. Ko in sha Allahu babu."

"Likitan cewa ya yi a faɗe ta a miƙe. In aka yi mata ƙari, zuciya sai ta samu ƙofar gudu."

"Subhanallahi. Sunan Allah ne ƙofar gudu?"

"Ba haka nake nufi ba, Allah gafarta..."

"Ka san wanda ya fara cika baki da ni a gaban Ubangijinsa? Ka san inda ya ƙare?"

Kalilu ya share zufa, amma soja ne, bai ja da baya ba.

"Malam, ɗan dambe na shiga fili ya yi wa kansa kirari, ya ce shi ne kaza shi ne kaza. Ban taɓa jin kun ce ya bar addini ba."

"Ɗan dambe haƙoransa kaɗai yake kai wa fili. Wanga mutane zai tarar a hanya." Ya nuna hannun Maharazu da carbinsa. "Dube shi. Rawa yake ko ba rawa yake ba?"

"Yana ɗan yi."

"To mutum ya yi sallar asuba, sannan ya karya kumallo da ƙarya?"

"Ba ƙarya ba ce, Malam. Gaskiyar gobe ce ake faɗa yau."

"Wa ya ba ka gobe?"

Mutane sun fara taruwa. Lado ma ya fito daga mota ya jingina da bedi yana saurare.

"Kai kana faɗar maganar?" Malam ya tambayi Kalilu.

"Tun da aka sallame ni."

"Ka daina jin tsoron?"

Lado ya fashe da dariya. "Wa? Soja? Ran nan da taya ta fashe a tasha, daga ƙarƙashin teburin mai tsire muka zaro shi!"

Aka yi dariya. Kalilu bai yi ba. Ya tsura wa ƙasa ido, muryarsa ta sauka.

"Gaskiya ne. Ban daina ba. Amma Malam, da na dawo daga yaƙi ko daga kan tabarma ba na tashi. Uwata ke ba ni ruwa a baki. An yi mini rubutu na sha, an yi mini addu'a, Allah ya saka wa waɗanda suka yi. Maganar ga ba ta kore mini tsoro ba. Tashe ni take yi da safe in ɗauki famfo in fito. Iyakar abin da na sani ke nan."

Dariyar ta mutu.

Malam ya gyaɗa kai. "Ka yi gaskiya. Allah ya ba ka lafiya." Sannan ya juya. "Maharazu, ɗago ka dube ni."

Abin da bai taɓa yi ba tun da ya auri Hajjo. Ya ɗago da ƙyar.

"Ranar da aka kawo mini Lawwali a cikin tabarma, mi na ce?"

"Ka ce ƙaddara ce, Baba."

"Na ce ba kai ba ne. Na ce Mai shi ne ya karɓi abinSa, kai sababi ne kawai. A kan haka na yafe. Haka ne?"

"Haka ne."

"Yau kuma aka ce mini kana tsayawa kana faɗin kai ne, hannunka ne ya san hanya. To zaɓi ɗaya. In hannunka ne ke kai mota gida, hannunka ne ya kashe mini ɗa. In kuwa ƙaddara ce, ka rufe bakinka ka bar cewa ni."

Har mai fura ta sauke ƙwaryarta.

Maharazu ya ji kamar an ɗora masa buhun wake a ƙirji. In ya ce ƙaddara ce, an karɓe masa abu ɗaya da ya tashe shi tsaye tun damina, kuma da me zai hau motar can? In ya ce shi ne, ya dubi tsohon nan ya ce masa ni na kashe ɗanka.

"Baba..." Maharazu ya ce. "Ban sani ba. Wallahi ban sani ba. Na gaji ne kawai. Na gaji da kiran fasinja. Na gaji da ganin Hajjo na kallon hannuna. In na ce ƙaddara ce sai in kwanta. In na ce ni ne sai in kasa barci. Maganar ga ce kaɗai in na faɗa nake iya sa takalmi."

"Ba ta aiki," Malam ya ce.

"Allah gafarta Malam, ai ba ka gwada ba," in ji Kalilu.

"Wa ya ce maka?"



Tsohon ya ajiye carbin a kan buzu.

"Ku matsa," ya ce wa jama'a. "Ba da ku nake ba."

Aka ja baya kaɗan, kunnuwa dai na nan.

"Kullum in na sallame asuba, in mutane sun watse, nakan zauna ni kaɗai a masallaci. In ce: na yafe wa Maharazu. Na yafe wa Maharazu. Na yafe wa Maharazu. Tun ranar da aka rufe yaron ga, ban tsallake safiya ɗaya ba."

Tsohon ya ci gaba.

"Har yau ba ta shiga ba. Baki na faɗa, nan wurin na cewa ƙarya kake." Ya dafa ƙirjinsa. "In na gan ka a kasuwa sai in sake hanya. Ka ɗauka kunyar suruki ce. Ba ita ba ce. Ana ba da misali da ni a wa'azi, ni kuwa ina zaune a sahun gaba na san abin da ke cikina. To kar wani ya zo ya ce mini faɗa da baki na gyara zuciya. Na riga ku gwadawa."

Hawaye suka zubo wa Maharazu. Bai share ba.

Kalilu ne ya yi ƙarfin hali, a hankali.

"To Malam... don mi ba ka daina faɗa ba?"

Tsohon ya ɗauki carbinsa.

"In na daina," ya ce, "ban san abin da zan yi masa ba."

Fiiim! Hajiya ta danna oda.

"Maharazu! Rana na yi! Za ka hau ko in ba Lado?"

Maharazu ya miƙe. Ya sa takalmi ya nufi ƙarfen. Sai ya ji taku a bayansa. Malam Ya'u ne, ya naɗe buzunsa a hammata.

"Baba, ina za ka?"

"Jibiya. Soja, ka kula mini da keke."

"Baba, don Allah..."

"Wuce mu tahi."

Suka tsallaka a ƙasa. Wani tsohon jandarma ya gane shi, ya washe baki, ya kira shi da Hausarsu mai gauraye da Faransanci.

"Sofer Maharazu! Ka dawo? Ga kamyonka can na jiran ka!"

Ko murmushi bai iya mayar masa ba.

Tsohuwar mota ce irin ta da, sitiyari a dama. Maharazu ya hau. Kafin ya gyara zama ƙofar hagu ta buɗe, tsohon ya kama ƙarfe yana nishi ya hawo, ya shimfiɗa buzunsa a kan kujerar ya zauna.

Kujerar hagu. Inda Lawwali ya zauna.

"Baba, ka shiga motar Hajiya. Na roƙe ka."

"A'a. In yau ma hannunka zai ɗauki wani, ya ɗauki wanda ya riga ya gaji. Tayar."

Makullin ya ƙi shiga rami sai da ya riƙe shi da hannu biyu. Inji ya yi tari, ya kama. Duk motar ta ɗauki rawa, har ba a gane tasa rawar.

Ya dubi madubin gefe. Ga fuskarsa. Ya motsa leɓe.

"Ni ne Maharazu..."

Ya saci kallon tsohon. Ya ɗauka zai tsawata masa. Idon Malam a rufe yake, leɓensa shi ma na motsi.

"Bismillahi," Maharazu ya ce, ya sa giya.

Aka ɗaga ƙarfen Nijar. Ya wuce. Ɗan filin da ke tsakani ya yi masa tsawo kamar hanyar Agadas. Ga ƙarfen Nijeriya. Ɗan kwastan ya danna dutsen da ke gindinsa, ƙarfen ya tashi sama a hankali, yana ƙara irin wadda ya sani tun yana karen mota.

Kalilu na bakin hanya yana ihu. "Faɗa, Direba! Faɗa da ƙarfi!"

"Ni ne Maharazu. Hannuna ya san hanya."

Rawar hannun ta tsaya.

Wallahi ta tsaya cak. Kafaɗunsa suka saki. Wani daɗi ya ratsa shi, irin na da, lokacin da shi da mota suke abu ɗaya. Ga gida. Ga hanyar da ya bi tun ba a sa mata kwalta ba.

"Ba na jin tso..."

Sai ya ga gefen titin dama na yin nisa.

Ba shi ya juya ba. Bai ce a juya ba. Sitiyarin ne ke tafiya hagu a cikin tafinsa, sannu, lafiya lau, kamar doki ya hango gida.

Can gaba tankar mai ta fito daga kwana, tana walƙiya a rana.

Muryar Hajjo ta faɗo masa. Ai saninta ne ya yi yawa.

"Baba!" Muryarsa ta fashe. "Baba, ina jin tsoro!"

"To riƙe shi," tsohon ya ce, bai ɗaga murya ba. "Kar ka sake shi. Dama, Maharazu."

Tankar ta saki oda.

"Dama."

Rawar ta dawo masa gaba ɗaya, daga yatsu har haƙora. Da ita ya finciko sitiyarin. Gingimari ta yi nishi, buhunan wake suka motsa a baya, tayar dama ta ci ƙasar gefen titi ta dawo.

Wuuuu!

Tankar ta wuce ta hagunsu, iskarta ta kaɗa rawanin Malam. Direbanta ya zuro hannu yana zagi.

Sun wuce.

Maharazu na haki, riga ta jiƙe sharkaf. Yana dama. Mota na tafiya. A madubi ga Fijo ɗin Hajiya na biye, ba ta tsaya ba, ba ta yi oda ba. Jibiya ce kawai ta rage, kuma hanyar miƙaƙƙiya ce. Bai san ko maganar madubi ce ta hawo da shi motar ba, ko ita ce ta so kashe su. Bai da ƙarfin tambaya. Ya dai ƙanƙame sitiyari yana faɗin dama, dama, dama a ransa.

Sai ga wata tsohuwar tsamiya a gefen hagu, ɓawonta a ɗaye ta gefe ɗaya, tabon ya yi baƙi.

Ya kau da kai. Amma tsohon ya ga yadda ya kau da kan.

"Nan ne?"

Maharazu ya ƙara damƙe sitiyari.

"Maharazu. Nan ne?"

"Nan ne, Baba."

"Ban taɓa zuwa ba. In zan shiga Nijar ta daji nake zagayawa, yau ma ta can na biyo." Ya ɗora tafinsa a jikin ƙofar. Muryar da ba ta karye ba ranar jana'iza, yau ta karye. "Tsaya in gani."

"Baba, Hajiya ta ce in na tsaya..."

"Na ji abin da ta ce."

"In na tsaya an karɓe makullin."

"Na sani. Ban ce dole ba. Roƙo nake." Ya juyo ya dube shi. "Wataƙila in na taka wurin da ƙafata, kai kana tsaye kusa da ni, abin da nake faɗa da asuba ya shiga. Wataƙila kuma ya ƙi. Tsaya, ɗana."

Bai taɓa kiran sa haka ba.

Tsamiyar na matsowa.

Maharazu ya dubi hanyar Jibiya, a buɗe, babu kowa a kanta. Ya dubi tsohon. Ya ɗaga ƙafarsa daga kan totur ya ɗora a birki.

Ya kai ido madubin gefe.

Bai ga fuskarsa ba. Fijo ya gani ta tsaya a bayansa, Lado ya riga ya buɗe ƙofa ya zuro ƙafa ɗaya waje.